Darasi Na 14: Sabon Direba

A wani ƙauye akwai wani tsohon direba. Ya yi shekara 30 yana jan mota, bai taɓa buge ko ɗan akuya ba. Yana da bas, yakan kai mutane kasuwa. Ɗan ƙanwarsa ne yaron motarsa, saurayi mai shekara 19.

Ran nan saurayin ya komo daga birni yana murna. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, ga lasin na samo. Gobe ranar kasuwa ce. Ka huta, ni zan ja motar."

Kawu ya karɓa, ya duba gaba da baya. Da ma ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu. Ya ce, "Madalla, ɗana. Amma wannan lasin na ƙaramar mota ne, ba na haya ba. Ba zan ba ka makulli ba."

Ran yaron ya ɓaci. Ya ce, "Kawu, ashe ban iya ba?"

Kawu ya ce, "Hannunka ya iya. Idonka ne da saura. Zauna ka ji."

Abin Da Doka Ta Ce

A Nijeriya akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa. An kafa ta a 1988. Ita ce ke lura da dokokin hanya. Ga waɗanda suka shafi yaro da sabon direba:

1. Ba a ba kowa lasin sai ya cika shekara 18.
2. Mai koyo sai ya shiga makarantar tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, ya karɓi takardar izinin koyo.
3. Mai koyo zai liƙa jan harafin L a gaban mota da bayanta, don sauran direbobi su yi hankali da shi.
4. Mai koyo ba ya tuƙi shi kaɗai, sai da mai lasin a gefensa. Ba ya ɗaukar fasinja.
5. Kafin a ba shi lasin sai an gwada tuƙinsa, an gwada idonsa.
6. Lasin na motar haya kuwa sai wanda ya kai shekara 26.

Bayan waɗannan akwai dokokin da ke kan kowa, sabo da tsoho. A cikin gari kada mota ta wuce gudun kilomita 50 a awa. A ɗaura bel. Kada a riƙe waya ana tuƙi. Wanda ya sha barasa ko ƙwaya kada ya taɓa sitiyari.

Don Me Aka Tsananta Wa Yara?

Ba don ƙiyayya ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023, mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Ta kuma ce daga mai shekara 5 zuwa mai shekara 29, ba abin da ya fi haɗarin hanya kashe su.

Saurayi yana da ƙarfi da kaifin ido, amma yana da gaggawa. Idan abokansa suna cikin mota suna zuga shi, sai ya ƙara wuta. Mun sha gani ranar kai amarya, samari suna tsere don a yaba musu. Sau da yawa gidan biki ya zama gidan makoki.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 kafin ka ƙirga ɗaya. Mai gudun 100 tana cin mita 28. Kuma idan aka ninka gudu sau 2, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki zai ninku sau 4. Ashe birki ba ya ceton wanda bai hango da wuri ba.

Ranar Kasuwa

Da gari ya waye mota ta cika. Kawu ya kama sitiyari, yaron ya zauna gefensa yana cika yana batsewa. Suna cikin tafiya, sun kusa wata kwana, sai Kawu ya rage gudu, alhali ba kome a gabansu. Suna shan kwanar sai ga garken shanu sun cika hanya, ɗan ƙaramin makiyayi yana tsakiyarsu. Mota ta tsaya salin alin.

Jikin yaron ya yi sanyi. Ya ce, "Kawu, ƙaƙa ka sani?"

Kawu ya ce, "Na ga ɗanyen kashin shanu a kan kwalta. Na ga ƙura bayan itatuwa. Kai fa, me ka gani?"

Ya ce, "Ban ga kome ba."

Kawu ya ce, "To, wannan ba a rubuta shi a lasin. Da kai ke ja, yau da an yi kuka a gida nawa? Sannu ba ta hana zuwa."

Tun daga ranar yaron bai sāke neman makulli ba. Kullum yana gefen Kawu, idonsa a kan hanya.

Namu Aikin

Jama'a, wannan magana ba ta direbobi kaɗai ba ce. Uba, kada ka miƙa wa ɗanka makullin mota ko babur don kawai ƙafarsa ta kai. Fasinja, idan direba yana gudun wuce kima, ka yi magana, ranka ne a hannunsa. Idan haɗari ya auku, a kira lamba 122, kyauta ce.

Tambayoyi

1. Shekara nawa mutum zai cika kafin a ba shi lasin?
2. Mene ne amfanin harafin L?
3. Me Kawu ya gani kafin kwana?
4. Rubuta wannan sau 3: Lasin takarda ce, gwaninta sai an daɗe.