Ko Kundin Little Simz Ya Cancanci Yabon da Ake Masa?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ce ta aiko da wannan tambaya kan Lotus, kundin waƙoƙin da Little Simz ta fitar a watan Yunin 2025. To, Malama, amsa ita ce ya cancanta. Sunan Little Simz na yanka Simbiatu Ajikawo, haifaffiyar Landan, iyayenta 'yan Najeriya, kuma ita ta lashe kyautar Mercury ta Birtaniya a 2022. Amma ba kyauta ce hujjarmu ba, rubutun ne. Saurari waƙar Blood da ta yi da Wretch 32: wa da ƙanwa ne ke zance, kowa na amayar da abin da ke cinsa game da gida da mahaifiya, ba zagi, ba fariyar dukiya. Da wuya mai 'yan'uwa ya ji ta bai tuna da nasa ba. A Flood kuwa, ganguna ne ke jan ragama, ga muryar Obongjayar, ɗan Kalaba, tana ratsawa.

Wasu za su ce gambarar zamani ba ta mata ba ce. Ai tun a 1999 Lauryn Hill ta kwashe Grammy biyar a dare ɗaya. Masu cewa kundin ya yi nauyi, ba na rawa ba ne, suna da gaskiya, sai dai dama ba don gidan biki aka yi shi ba. Ki samu natsuwa ki saurare shi daga farko har ƙarshe, Malama, sannan ki rubuto mana naki hukuncin.