Kafin Ka Miƙa wa Yaro Makullin Mota



Makon jiya bayan sallar la'asar wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci. Ɗansa mai shekara 19, wata biyu da karɓar lasisi, ya kwashi abokansa huɗu zuwa ɗaurin aure a wani gari. A hanyar dawowa, bayan isha'i, ana ta zuga shi, ya taka mota zai wuce tirela, sai ga wata ta taho. Ya kauce, motar ta wuntsila. Biyu suka rasu nan take, shi ya tsira da karayar hannu. Dattijon ya ce, "Malam, azumin wata biyu zai yi ko wata huɗu?"

Na ce huɗu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: diyya ga magada, sai dai in sun yafe, da kuma kaffara, wato 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba ya azumci wata biyu a jere. Kowane rai da kaffararsa. Iyayen mamatan sun yafe diyya, Allah Ya saka musu, amma yafiyarsu ba ta sauke kaffara, domin ita haƙƙin Allah ce.

Tambayar da na koma gida da ita daban ce: wa ya ba shi makullin, kuma da wane sharaɗi?

Ku duba aya ta 6 a wannan sura. Da Allah Ya zo maganar dukiyar maraya, bai ce da zarar ya balaga a miƙa masa ba. Sai an jarraba shi tukuna, an ga rushdu, wato hankali ya zauna. Malamai sun ce a riƙa ba shi kaɗan ya juya, a ga kamun ludayinsa, sannan a ƙara. To wannan fa dukiyarsa ce ta kansa. Ina ga ƙarfen da ke gudun kilomita 100 a awa a tsakanin rayukan mutane?

A Najeriya doka ta ce sai shekara 18, a shiga makarantar koyon tuƙi, a manna alamar L, a ci jarrabawar VIO, sannan a karɓi lasisi. Mu dai mun san yadda wasu ke yi, a ba wani kuɗi ya kawo kati har gida. Wannan shaidar zur ce, kuma da rayuka ake biyanta. Amma ko wanda ya bi ƙa'ida, a aikace ranar da kati ya shiga aljihunsa sai mu sakar masa hanya kamar wanda ya shekara talatin a sitiyari.

Wasu ƙasashe sun gane ba nan gizo ke saƙa ba. New Zealand tun 1987 ta kasa lasisi mataki-mataki: wanda ke matakin tsakiya ba ya tuƙi shi kaɗai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya kuma ɗaukar abokai sai da gogaggen direba a gefensa. A Faransa sabon direba yana manna harafin A a bayan mota, inda wasu ke gudun 130 shi iyakarsa 110. A Ingila in ya tara maki 6 na laifi cikin shekara biyun farko, an soke lasisin, sai ya sake jarrabawa, alhali tsohon direba sai ya kai 12 ake dakatar da shi.

Ku lura da abin da suka kama: dare, abokai, gudu. Ukun nan su suka haɗu a motar ɗan dattijon. Yaro ya iya canja giya cikin sati ɗaya, amma auna nisan motar da ke tahowa cikin duhu sai an daɗe ana gani. Ga abokai a baya suna "taka mana, kai matsoraci ne?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Kada wani ya ce ai tsarin Turawa ne. Je tasha ka tambayi tsofaffin direbobin manyan motoci. Karen mota sai ya shekara yana wanki, yana ɗaurin kaya, yana sa waigi, kafin maigida ya bar shi ya gyara fakin. Daga nan a ba shi ɗan miƙaƙƙen titi da rana, maigida na gefe. Mu da muka sayi mota da kuɗinmu mu ne muka tsallake wannan tarbiyya.

A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, saboda biyayya ce ga shugaba a abin da ke tsare rai. To kai uba, kai ne shugaban gidanka. Inda dokar ƙasa ta yi shiru, naka sharaɗin ya hau kan ɗanka. Ni abin da na gindaya wa nawa, shekara guda cur: babu tuƙi bayan isha'i, babu ɗaukar abokai, babu fita gari sai ina gefe, babu shiga ayarin kai amarya ko yawon sallah. In na ji ya taɓa waya yana tuƙi, makulli ya dawo wata ɗaya. Ya yi fushi, har mahaifiyarsa ya kai ƙara. Ita ma ta ce ta ƙara da bel.

Na san za a rubuta a ƙasa, "Malam, ai ƙaddara ce." Haka ne, babu mai wuce kwanansa. Amma Wanda Ya ƙaddara mutuwar Shi ne Ya wajabta kaffarar. Da sakaci ba ya da hisabi, da ba a ɗora wa yaron nan azumi ba.

Dattijon ya tambaya ko dole ne a haɗa wata huɗun. Na ce a'a: ya yi biyun farko a jere, ya huta, sannan ya kama na biyu. Ya lissafa kada Ramadan ko ranar idi su faɗo masa a tsakiya, ya kuma bari hannun ya warke tukuna.

Wallahu a'alam.