Horon Ma'aikatan Jinya a Bakin Gado: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Wanda ya isa Ƙofar Dawanau, watau wajen arewa maso yamma na ganuwar birnin Kano, ba shi da nisa da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe cikin shekarar 1959, daga baya riƙonsa ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Da wuya a sami gundumar da ba ta taɓa aika mai karaya wannan asibiti ba. Amma ba kowa ya san cewa ban da magani ana kuma koyarwa a cikinsa ba. Ya daɗe yana horad da ma'aikatan jinya waɗanda suka riga suka sami lasisi, suka dawo neman ƙwarewa a kan jinyar ƙashi. Saboda haka mai ɗinke da fararen tufafi da ya tsaya a bakin gadon talaka, mai yiwuwa ne ɗalibi ne, akwai wani babba a bayansa yana duban hannunsa. Wannan tsari shi ne a ke so hakimai da malamansu su fahimta, gama yana da rabo a cikin aikinsu fiye da yadda su ke zato.

Asalin al'amarin

Koyon sana'a a gaban gwani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan wanzami ya kan yi shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Malamin hakimi da kansa ya san ba ranar da ya zo ofis aka danƙa masa littafin gunduma ba. Abin da aikin jinya na zamani ya ƙara a kan wannan shi ne rubutu. Cikin shekarar 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a Asibitin St Thomas na birnin Landan. Ɗalibanta shekara guda su kan yi suna aiki a ɗakunan marasa lafiya, manyan ɗaki kuwa suna rubuta halin kowace da gwanintarta wata wata. Daga nan littafin shaida ya zama ginshiƙin horon, har ya zuwa yau.

A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digiri na aikin jinya, an buɗe sashen cikin 1965. Cikin 1979 aka haɗa hukumar ma'aikatan jinya da ta ungozomomi suka zama Majalisa guda, ita ce mai ba da lasisi, kuma jarrabawarta ba ta tsaya ga takarda ba, sai an ga ɗalibi ya yi aikin da hannunsa. Ɗalibin jami'a shekara 5 ya kan yi, sa'an nan ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti. Haka ɗaliban Jami'ar Bayero su ke yi, suna ɗaukar horonsu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Matakin da ya fi kowane tsawo

A Amurka an kai wannan sana'a wani matsayi wanda ya kamata a sani, domin ana yawan ambatonsa yanzu. Cikin 1965, a Jami'ar Colorado, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Loretta Ford da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka fara horad da ma'aikatan jinya su duba mara lafiya da kansu, su gane ciwonsa, su yi masa magani. Dalilinsu kuwa hakimin ƙauye ya san shi sarai, watau ƙarancin likitoci a karkara. Cikin 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ta shawarta cewa irin waɗannan ƙwararru su riƙa kaiwa ga digirin dakta na aiki, wanda ya bambanta da na bincike. Cikin 2006 ta ƙayyade cewa mai neman wannan digiri sai ya yi aƙalla awa 1,000 na aiki ƙarƙashin kulawa bayan digirinsa na farko. Malami mai son lissafi ya raba wannan da awa 8 na aikin yini, zai sami kwana 125 cur, ban da karatun aji.

To, abin lura a nan shi ne, mutumin da a ke sa wa ido ba yaro ba ne. Sau da yawa ya yi shekaru yana aiki, watakila ma ya girmi mai duba shi. Duk da haka ba a ɗauke masa ko awa ɗaya don girma, gama aikin da ya zo koyo sabo ne a gare shi. Dā shi mai cika umurnin likita ne, yanzu kuwa shi zai yanke shawara. Amurkawa ma, da dukiyarsu, sun sha kuka da ƙarancin gwanayen da za su yarda su ɗauki ɗalibi, har makarantu da yawa su kan bar ɗalibi ya nemo wa kansa. Aji yana iya ɗaukar mutum ɗari in an ƙara benci, bakin gado kuwa ba ya ɗaukar fiye da biyu ko uku.

Kada malamin hakimi ya rikice wajen rubuta wasiƙa. Ma'aikacin jinya mai digirin dakta ana ce masa Dakta, daidai ne, amma wannan bai mai da shi likita ba, shi ma ba zai so a rubuta haka ba.

Abin da a ke koyo a bakin gado

Misali guda daga aikin ƙashi ya isa ya nuna dalilin dukan wannan tsanani. An kawo yaro ya faɗo daga bisa mangwaro, hannunsa ya karye, an gyara, an sa masa filasta. Littafi ya riga ya gaya wa ɗalibi cewa in hannu ya kumbura a cikin filasta, jini ba zai sami hanya ba, nama kuwa ya kan mutu cikin 'yan sa'o'i. Ya haddace, ya ci jarrabawa. Amma da tsakar dare yaro yana kuka, uwa tana cewa ciwon karaya ne kawai, wa zai gaya masa ko wannan kukan irin na kullum ne ko kuwa na hannu mai shirin lalacewa? Mai sa ido shi zai kama hannun ɗalibi ya ɗora a yatsun yaron, ya ce ya ji sanyinsu ko ɗuminsu. Ya sa shi ya danna farce har ya yi fari, ya saki, ya ƙidaya, in jini bai komo ba cikin kamar daƙiƙa 2 akwai magana. Ya sa shi ya miƙe yatsun a hankali, in yaro ya ƙwalla ƙara fiye da kima, ko kuwa maganin ciwo ya daina yi masa aiki, to, ba a jiran gari ya waye. A kira likita nan da nan, a tsaga filasta. Gani ya kori ji. Wanda ya taɓa jin yatsun nan a hannunsa sau ɗaya ba ya mantawa.

Wannan cuta ita ce kuma ta kan sami wanda aka ɗaure wa karaya tamau a gida da karare da tsumma, ya kwana biyu, a kawo shi Dala hannu ya yi baƙi, ba sauran dabara sai yankewa. Ba dukan maɗora ke yin haka ba, akwai masu hankali a cikinsu, amma dagaci da mai unguwa su sani yatsa mai sanyi ko mai baƙi ba ya jiran ranar kasuwa.

Horon bisa mataki ya ke tafiya. Da fari ɗalibi ya tsaya ya kalla. Sa'an nan ya yi, hannun malami yana kusa da nasa. Kāna ya yi shi kaɗai malami yana tsaye. Daga ƙarshe a bar shi ya duba mara lafiya, ya komo ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ke nufin yi, a yarda ko a gyara. Kowane aiki ana rubuta shi a littafin ɗalibi da kwanan wata, mai sa ido ya sa hannu. Ma'anar sa hannun ita ce, na gani da idona, na kuwa yarda a bar wannan mutum da ran wani.

Inda hakimi ya shigo

Cikin 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fid da tsari na miƙa waɗansu ayyukan likita ga ma'aikatan jinya da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na karkara, bayan an horad da su. Watau a asibitin gunduma, inda likita ba ya kwana, wanda talaka zai tarar shi ne wanda aka sa wa hannu a littafi. In sa hannun na gaskiya ne, talaka ya tsira. In na alfarma ne, shi zai biya.

Nan ne a ke roƙon hakimai su yi haƙuri da wani abu mai nauyi. Za a zo musu, ɗan wane an ce awoyinsa ba su cika ba, an hana shi shiga jarrabawa, a taimaka da 'yar takarda zuwa ga shugabar ɗaki. Mai roƙon ba mugu ba ne, ya sayad da hatsi ya biya kuɗin makaranta, kuma kunya tana da wuya. Amma takardar hakimi tana da ƙarfi, ƙaramar ma'aikaciya ba ta iya mai da ita. Taimakon da ya dace shi ne a nemi a ba yaron dama ya rama kwanakin da ya rasa. Wata biyu na jinkiri ba kome ba ne a kan hannun yaro guda.

Makarantun jinya su kan kuma tura ɗalibai ƙauyuka su zauna 'yan makonni, su zaga gidaje, su ga rijiyoyi da awon ciki da allurar rigakafi. In takarda ta iso, sai malamin hakimi ya duba ko ta ambaci sunan makaranta, da yawan ɗalibai, da kwanakin da za su yi, da sunan wanda zai sa musu ido. In babu na ƙarshen nan, ya rubuta ya tambaya kafin su sauka. A ba su masauki mai tsaro, tun ba 'yan mata ba, a haɗa su da mai unguwa ya shigad da su gidaje. A kuma sanad da jama'a cewa waɗannan ɗalibai ne, kowa yana da ikon ya tambaya, matar da ba ta so ɗalibi ya duba ta kuwa tana iya ƙi, ba za a hana ta magani ba. Ɗalibi ba shi da izinin buɗe wurin allura a zauren masaukinsa, ko da mutane sun matsa masa, za su kuwa matsa.

Ranar da za su tashi, malamin hakimi ya rubuta a littafin gunduma ranar zuwansu da ranar komawarsu, da sau nawa aka ga malaminsu ya zo duba su. In bai zo ko sau ɗaya ba, a rubuta haka, a aika wa shugaban makarantar da kofe.