Iyakar Abin da Mai Gida Zai Karɓa Bayan Kuɗin Haya: Darasi daga Ingila

Duk ɗan kasuwar da ya mallaki gida a Ingila, ko yake biya wa ɗansa ɗalibi haya a can, ya kamata ya san dokar kuɗaɗen 'yan haya ta 2019. Ta fara aiki ran 1 ga Yuni, 2019, sa'an nan bayan shekara guda ta haɗa har da tsofaffin yarjejeniyoyi. Gidajen zama ta shafa, ban da kantuna.

Hikimar dokar ita ce, ba ta tsaya lissafa abin da ta haramta ba. Ta jera 'yan abubuwan da ta halatta ne, duk abin da ba ya cikinsu kuwa haramun ne. Saboda haka kuɗin rubuta yarjejeniya, da na binciken halin ɗan haya, da ladan karɓar hayar kanta, duk sun faɗi, ko da wane suna dillali ya laƙaba musu. Wanda kuma ya cusa su cikin hayar watan farko ya kumbura ta, wannan ƙarin ma haramun ne.

Kafin alƙalami ba zai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin ajiya kuwa hayar mako biyar ce iyakarsa, muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Alal misali, gidan fam 1,300 a wata, hayarsa ta mako fam 300 ce, ajiyarsa fam 1,500.

Inda masu gidaje suka fi tuntuɓe shi ne jinkirin biya. Ba a cin ɗan haya tara sai ya makara da kwana 14, kuma a lokacin ma kuɗin ruwa kaɗai za a ɗora, wanda bai zarce kashi 3 cikin 100 bisa ma'aunin Babban Bankin Ingila ba, a lissafin shekara. In an ƙaddara ma'aunin kashi 4 ne, jinkirin kwana 20 a wancan gida bai fi fam 5 ba. Ko wasiƙar tuni ba a cajin kuɗinta.

Laifin farko tararsa na iya kaiwa fam 5,000. Wanda ya sake cikin shekara biyar, ƙaramar hukuma na da ikon gurfanar da shi gaban kotu, ko ta ci shi tarar da ta kai fam 30,000.