Gardamar Ruwan Ƙarshen Damina

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, gardama takan tashi a makarantarmu, har ta bi mu zuwa kasuwar Kiru. Wasu su ce rediyo ta faɗi sauran ruwa biyu. Dattawa kuwa su ce raɓa ta sauka, shamuwa ta tafi, damina ta ƙare. Batun ba na wasa ba ne, gama manomin da ya shanya masararsa, ruwa ya same ta, fumfuna za ta cinye masa wahalar wata huɗu.

Mu duba abin da muka koya a ajin labarin ƙasa. Iska biyu ke ja-in-ja a kanmu: mai laima daga tekun Atlantika, da busasshiya daga Sahara. A ƙarshen damina iyakar da ke tsakaninsu takan koma kudu, amma da ɗan gaba da baya take tafiya. Don haka ana iya tafka ruwa a Doguwa, Bebeji ko ɗigo ba ta samu ba.

Hadarin da ke wuce mu yakan nufi yamma. Waninsa yakan faɗa teku ta wajen Senegal, ya sha zafin ruwa, ya zama mahaukaciyar guguwa. Lokacin irin wannan guguwa a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. A ƙarshen Oktoba 1998, masana a Amurka sun yi hasashen guguwar Mitch za ta juya arewa. Sai ta gangara kudu, ta afka wa Honduras, mutum fiye da 11,000 suka mutu a yankin. Masu jiragen awo da tauraron ɗan'adam ke nan.

To, mu watsar da hasashe? A'a. Hukumar NiMet takan auna iska da laima da zafi, ta faɗi abin da ya fi yiwuwa. Hasashen gobe ya fi na makon gobe ƙarfi, na mako kuma ya fi na wata. Alamun dattawa su ma awo ne na shekaru masu yawa, ko da yake ba a rubuta su ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan mun je gida hutu, mu saurari rediyo kowace rana, mu kuma tambayi iyayenmu abin da suka gani a sama. Mu shanya hatsi kusa da rumbu, da tamfol a hannu. Ranar ruwan ƙarshe, Ubangiji ne kaɗai ya san ta. Namu shi ne shiri.