A-KORI-KURA MAI ƊINGISHI

A kusan kowane ƙauye namu akwai tsohuwar a-kori-kura. Ita ke kai hatsi da tumatir kasuwa, ita kuma ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. Wasu cikinsu Peugeot 404 ne, watau Fijo, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Motocin zamani suna da kwamfuta mai nuna inda ciwo ya ke. Tsohuwar Fijo kuwa ba ta da wannan, sai kunnen mai ita da idonsa da hannunsa.

Ciwon da za mu duba yau shi ne wanda direbobi su ke kira misin. Mu sai mu ce ɗingishi. Inji yana karkarwa, salansa tana fut, fut, mota kuwa ta kasa hawan tudun da ta saba hawa da kaya.

Ga dalili. Injin Fijo yana da silinda 4, kamar jaki da ƙafa 4. Kowace silinda tana bukatar abu uku: fetur gauraye da iska, da matsi na fistin, da tartsatsin wuta daga fulogi. In ɗaya ya ɓace, wannan silinda ta mutu, sauran ukun su riƙa janta. Amma ko ta mutu ba ta daina shan fetur ba. Watau cikin kowace lita 4 da muka saya, kusan lita 1 ta bi salansa a banza. Ban da haka, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ta yi ta cinyewa.

To, kafin a taɓa kome, a sa giya firi, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya. A tuɓe babbar riga, domin fanka ba ta san mai gida ba. Kada kowa ya matso da taba ko fitilar ƙwai.

Aikin farko shi ne gano silindar da ta mutu. A ta da inji, a bar shi yana silo. A sami filaya mai hannun roba, a cire wayar fulogi ɗaya, a saurara, kana a mayar da ita. Kada a kama da hannu, gama wutar nan tana fizga ƙwarai. In an cire waya inji ya ƙara raurawa kamar zai mutu, wannan silinda lafiya ta ke. Haka za a bi su ɗaya ɗaya. Wadda aka cire wayarta amma muryar inji ba ta sake ba, ita ce mai ciwo, don tun dā ba ta aikin kome.

Sai a kashe inji, a bari ya huce. Kan injin Fijo na alminiyum ne, in aka kwance fulogi da zafi ana iya lalata ramin da ya ke shiga. In ya huce a kwance fulogin nan da sifana, a dubi bakinsa da kyau. Fulogi mai lafiya bakinsa busasshe ne, launin ƙasa-ƙasa. In ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, fetur ya fi iska yawa, sai a duba matatar iska, balle bayan hunturu da ƙurarsa. In ya jiƙe yana warin fetur, wuta ce ba ta zuwa. In kuwa ya yi danƙo da baƙin mai, mai ne ke haurowa inda bai kamata ba, wannan magana ce babba.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. A musanya fulogin nan da na maƙwabciyarsa, a sake gwajin cire waya. In ɗingishi ya bi fulogi zuwa sabon wuri, an kama ɓarawo, sai a sayi fulogi. In bai bi ba, a gwada wata waya a maimakon tsohuwar. Tsohuwar waya takan tsage, da dare ma akan ga wuta shuɗiya tana tsalle daga jikinta. Mun sha ganin an cire wayoyi duka huɗu gaba ɗaya, aka rasa wace ce ta ina. Wuta tana zagaya silinda bisa tsari, 1, 3, 4, 2, in aka rikita shi mota ba za ta yi daidai ba. Saboda haka a cire su ɗaya ɗaya, ko a ɗaura wa kowace 'yar takarda mai lamba.

Wani lokaci ba silinda guda ce ta mutu ba, ɗingishin yawo ya ke yi. To, laifin yana ga abin da su ke tarayya a kai. A buɗe murfin mai raba wuta, inda wayoyin su ke haɗuwa. Da damina raɓa takan kwanta ciki, tsumma busasshe ya isa. A duba ko murfin ya tsage, ko kwantak ya ƙone. In nan lafiya, sai a koma ga fetur. Na galan da a ke saya a bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, ya toshe kafireto. Mai saye a nan ya riƙa tacewa.

In fulogi da waya da fetur duk lafiya, silinda ɗaya kuwa ba ta tashi ba, saura matsi. Ko bawul ya ƙone, ko zoben fistin ya cinye, ko gasket ya fashe. Wannan aikin bakanike ne. Amma kafin mu yarda a sauke inji, mu roƙe shi ya auna matsin kowace silinda da ma'auni a gabanmu, mu ga lambar da idonmu. Lambobin nan huɗu ya kamata su yi kusa da juna. In kuwa ruwan lagireto yana raguwa, farin hayaƙi yana fita salansa ko bayan inji ya yi zafi, kada a ce bari a kai kasuwa tukuna. A sauke kaya, a nemi wata mota.