Turancin Jarrabawa Ba Hadda Ba Ne

Ɗalibai da yawa kan haddace jerin kalmomin Turanci da ma'anoninsu, amma ranar jarrabawar WAEC ko NECO sai kai ya ɗaure. Dalili kuwa, a sashen karanta labari da amsa tambayoyi, sanin ma'ana kaɗai bai isa ba. Za a ciro kalma daga labarin, a ce ka kawo wata da za ta zauna daram a gurbinta. In aikatau ce mai nuna abin da ya wuce, taka ma dole ta zo da wannan siga, in ba haka ba maki ya tafi.

Saboda haka idan ka ci karo da baƙuwar kalma, kwafi jimlar gaba ɗaya cikin littafinka, ka ja wa kalmar layi, sannan ka gina taka jimlar. Kullum ka karanta labari ɗaya a jarida irin Daily Trust da babbar murya, ka ajiye ta, ka taƙaita shi cikin jimla biyu. Ai taƙaitawa ma tana fitowa a jarrabawar.

Nahawu kuwa, fara da dacewar aikatau da mai aikatawa, tilo ko jam'i, don nan ake yawan tuntuɓe. Ƙa'ida ɗaya a mako ta wadatar.